Jinin Aro

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Tamanrasset, wasu yanzu sai an tuna mini nake cewa ashe an yi haka. Amma wannan da zan ba ku labari, ko tsufa ya kai ni inda nake rikita sunayen 'ya'yana, ba na jin zai fita daga raina. Ba abin alfahari ba ne. Labarin wauta ne, wautar manya masu gemu, kuma ni na kwashi kaso mafi tsoka a cikinta.

A lokacin ina tsaron shagon kawuna, wan mahaifiyata, muna sayar da atamfa da turare da tarkacen kayan mata. Kawu ya daɗe a garin, tun ina goye yake can, kuma wannan daɗewar ita ce takardar shaidarsa a kan kowane fannin ilimi. Ban taɓa jin an kawo magana a gabansa ya ce bai sani ba. Injin babbar mota ya ƙi tashi, Kawu ya san dalili. 'Yan dowan, wato kwastan, sun fito da sabuwar doka, Kawu ya san abin da ke bayanta. Raƙumin Buzu ya ƙi cin abinci, Kawu yana da maganinsa. Kullum bayan la'asar 'yan Damagaram, mutanen garinmu, sukan taru a tabarmar ƙofar shago, a ɗora shayi, shi kuma ya harɗe yana yanke hukunci, su kuwa suna ta gyaɗa kai. Ni ma cikin masu gyaɗa kan nake, har na fi kowa iyawa, tunda tuwonsa nake ci.

Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata da muka tashi gida ɗaya, na girme shi da shekara huɗu, don haka ƙanena nake ce masa, shi kuma ya ce mini Yaya. Ya biyo ni Tamanrasset ya kama ɗaki da wasu samari a unguwar Gataa El Oued, yana aikin gini, abin da muke kira shantiye. Mutum ne marar hayaniya, ko zaginsa ka yi sai dai ya yi murmushi ya sosa ƙeya. Ban taɓa ganin ya yi wa babba musu ba, kuma a wancan lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin mafi kyawun halinsa.

Tari ya kama shi. Da farko muka ce ƙurar siminti ce. Kawu ya ce a ba shi nonon raƙumi da zuma, aka ba shi. Ya ce a turara masa wani saiwa da ya ce daga Agadas aka kawo, aka turara. Tari bai san ana yi ba, yaro sai ramewa yake, wandonsa har sai ya ɗaure da igiya. Da na ga abin ya wuce wasa na kai shi asibiti, tunda ni na ɗan yi lekkol, wato boko, ina jin Faransanci gwargwado. Aka duba aka ce tarin fuka ne. Aka nemi izininsa aka sake wani gwajin, sai ga shi yana ɗauke da ƙwayar sida, wadda mutanen Najeriya ke ce wa ƙanjamau. Ni na faɗa masa da bakina, domin ni ne tafinta. Bai yi kuka ba, ya dai daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa, sannan ya roƙe ni kada kowa ya ji sai Kawu.

Likitar da ke duba shi wata Balarabiya ce daga arewa, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan fara'a amma ba ta gajiya da bayani. Ta zaunar da mu ta ce ciwon nan biyu kowanne yana da magani, matsalar ita ce idan aka haɗa magungunan a jiki ɗaya ba su cika jituwa ba, na tarin yakan rage wa ɗayan ƙarfi. Ta ce suna wani bincike don su gano yadda ya kamata a haɗa su ga masu ciwon biyu. Wanda ya yarda ya shiga, za a riƙa ɗibar jininsa da kakin tarinsa lokaci-lokaci, a ga ko maganin yana zama a jiki yadda ake so, a kuma ga ko ƙwayar tarin tana mutuwa. In aka ga ba ya aiki, sai a canja da wuri tun ba a makara ba. Ta ce ba dole, ko ya ƙi shiga za a ba shi magani. Ta yi wannan bayani sau biyu, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ni kuwa gwanin tafinta, sai na dunƙule wannan duka na ce wa ƙanena: ta ce za su riƙa ɗibar jininka suna dubawa. Ya ce to, ya sa hannu. Aka ba shi wani ɗan kati mai lamba, babu suna, babu hoto, don a rufa masa asiri.

Ɗiba ta farko shi ya je da kansa. Bai karya ba ya tafi, ga layi, ga rana, da ya dawo shago jiri na ɗibarsa, ya zube a kan dilar atamfa. Kawu ya ja mu ƙuryar shago ya tambaye shi kwalba nawa suka cika. Ya ce bai ƙirga ba, ya dai ga an jera su. Kawu ya kama haɓa, ya girgiza kai irin na wanda ya gano bakin zaren tun tuni.

Ya ce, "Mutumin da iska ke kayarwa, shi za a zamna ana tatsa kamar akuya? Jinin nawa ya rage mishi? Kai kuma ga ka nan ƙato, jini har ya yi maka yawa, kana kallo. Uwayenku ciki ɗaya suka hito. Jini ai jini ne. Daga yau kai za ka riƙa tahiya."

Kafin ku ce mu mahaukata ne, bari in gaya muku yadda muke rayuwa a can. A wurinmu tsaya wa ɗan'uwa ba yaudara ba ce, zumunci ne. In mutum ya kwana da zazzaɓi, abokin ɗakinsa ke zuwa shantiye ya amsa sunansa, mai aiki kawuna yake ƙirgawa, ba ruwansa da fuska. Layin gas, layin burodi, layin mota, duk wanda ke da ƙarfi ranar shi ke tsayawa da sunan wanda ba shi da shi. Da haka muke riƙe juna a ƙasar da ba tamu ba, kuma wanda ya ƙi tsaya wa nasa, har gida labarinsa zai kai. Kawu dai ya ɗauki wannan al'ada mai kyau ya kai ta inda ba ta da wurin zama.

Ni fa? Ni na ji bayanin likita da kunnena, har sau biyu. Wani abu a raina ya ce mini wannan ba daidai ba ne. Amma Kawu ya yi magana, kuma ya yi ta da murya mai nauyi, ga shi ya ɗora mini rigar jarumi. Gaskiya tsakanina da Allah, daɗi na ji. Na ga kaina ina miƙa hannu ana zuƙar jinina saboda ƙanena, na ji ƙirjina ya buɗe. Na dubi yaron nan na ce masa ya kwantar da hankalinsa, muddin ina numfashi allura ba za ta sake taɓa shi ba. Ya yi mini godiya har da ƙwalla.

Abin bai yi wuya ba ko kaɗan. Wurin ɗibar jini daban yake da ofishin likita, wani gini ne can baya da ake ce wa labo. Kowa a layin yana sanye da takunkumi saboda tari, ga rawani, wanda a Tamanrasset ba wanda zai kalle ka sau biyu don ka naɗe fuska da shi. Mai ɗibar jini kati yake dubawa, sai hannu. Katin da aka cire wa suna da hoto don a kare mutuncin ƙanena, shi muka mayar ƙofar shiga. Na miƙa, ya duba lamba, ya ɗaure mini dantse, ya cika kwalabensa, na fito ina taku ɗai-ɗai.

Kakin ne ya ba ni wahala. Ana ba da wani ɗan gwangwanin roba a tafi da shi gida, a tofa kakin safe a kawo. To ni lafiyata ƙalau, ko mura ba na yi. Ku ga ƙaton mutum a bayan shago da sassafe, ya durƙusa yana ƙaƙarin tari, idanu sun yi ja, Kawu na tsaye a kansa yana ba da umarni. Ya ce in shaƙi barkono, na shaƙa. Ya ce in sha nono mai sanyi, na sha. Da ƙyar na tara abin da zai rufe gindin gwangwani. Wanda ke da kakin gaske, mai cike da abin da likita ke nema, yana can ɗakinsa yana tofar da shi a yashi.

Ranar ganin likita kuwa shi ke zuwa da kansa, ni ina gefensa a matsayin tafinta, fuska a buɗe, mutumin kirki. Da sakamakon ya fito ta daɗe tana juya takardar. Ta ce akwai abin da bai gamsar da ita ba: babu ko alamar magani a jinin. Ta ce in tambaye shi ko yana sha. Ya rantse yana sha kullum, kuma gaskiya ya faɗa. Ta ce abin mamakin kuma, ƙwayar cutar ma ba a gan ta ba, alhali kwanan nan tana da yawa. Ta ce mai yiwuwa kwalaben ne suka cakuɗe a hanyar kai su arewa, don haka a sake ɗiba mako mai zuwa. Sannan ta cire tabarau ta ce in tambaye shi ko akwai wani abin da ya kamata ta sani. Na fassara masa. Ya juyo ya kalle ni. Na mayar mata da amsar da bai bayar ba, na ce babu komai.

Allah Ya buɗe mana ƙofa a ranar, faffaɗa, mu fita da mutuncinmu. Da mun ce ga abin da muka yi, faɗa za ta yi mana na minti biyar a wuce wurin. Sai muka ɗauki ƙofar muka kai wa Kawu ya gyara mana ƙaryar.

Dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce mun gani ko, da duk na'urorinsu ba su iya bambance jinin wa da na ƙane ba. Batun rashin magani a jini kuwa, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, shi da ya yi shekaru yana mu'amala da masu takarda ya san abin da suke so: abin da suke nema shi za ka ba su, su bar ka ka huta. Tunda magani suke son gani, sai in riƙa shan maganin. Kwana biyu kafin kowace ɗiba, ƙwayoyin ƙanena su dawo hannuna.

Haka aka yi. Mai ciwo ya zauna babu magani, mai lafiya yana haɗiya. Fitsarina ya koma ja kamar zoɓo, zuciyata na tashi, abinci ya fita kaina, kaina na juyawa ina auna wa mata atamfa. Amma ina jin kaina wani waliyyi. Har wani ɗan ɗingishi nake yi a gaban Kawu don ya ga irin wahalar da nake sha saboda zumunci, shi kuma ya dafa kafaɗata ya ce ni ɗan halak ne.

Sakamako na biyu ya fito tas. Na uku ya fi shi kyau. Magani yana zaune a jini daidai, ƙwayar sida ta kwanta, kaki babu ko ɗigon cuta. Kawu ya karɓi takardun ya ajiye a akwatinsa, ko harafi ɗaya ba ya iya karantawa a ciki, amma yana nuna mini su da yatsa yana cewa ga aikin hankali nan. Likita ce kawai ba ta yi murna ba. Duk zuwa sai ta ɗora ƙanena a ma'auni, ma'auni na yin ƙasa, takarda na yin sama. Ta kasa kunne a ƙirjinsa ta ɓata rai. Ta nemi ciwon a ciki, ta neme shi a hanta, ta tambayi abin da yake ci, ta tambayi inda yake kwana. Ta rubuta a yi masa hoton ƙirji. Wannan kam ba zan iya tsaya masa ba, ƙirjina ya yi biyun nasa, don haka Kawu ya yanke cewa hasken na'urar nan ƙona jini yake. Sau biyu ana ba mu rana muna ƙin zuwa, ni ke ƙago uzurin da Faransancina.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi ta ɗakinsa na kai masa dabino. Abokan ɗakin sun fita. Yana zaune ya jingina da bango, numfashinsa na fita da wani ƙara. Muka ɗan taɓa hira, can ya ce, "Yaya, ko dai mu bari in tahi da kaina wannan karon? Ni dai ban jin sauƙin da takardar ke hwaɗi."

Kun san abin da na ce masa? Na ce sauƙi ba ya zuwa rana ɗaya. Na ce Kawu ya fi mu sanin duniya. Har da ɗan fushina, wai ina shan wahala dominsa yana neman raina mini ƙoƙari. Ya ba ni haƙuri. Shi ne ya ba ni haƙuri. Duk cikinmu ukun shi kaɗai ne bai yi ko lekkol ko fatauci ba, kuma shi kaɗai ne ya faɗi magana mai hankali a wata ukun nan.

Ba a yi kwana goma ba ya faɗi. Dama ya ɗan koma aiki a wani gini a unguwar Tahaggart, aiki marar nauyi, ban ruwa ga bulo. Da hantsi tari ya sarƙe shi, sai jini ta baki. Abokan aikinsa suka saka shi a mota sai asibiti, kafin labari ya iso shago an riga an kwantar da shi. A karon farko cikin wata uku aka ɗebi jini daga hannunsa, aka karɓi kaki daga ƙirjinsa, aka yi hoton da muke ta gudu.

Bayan 'yan kwanaki likita ta aiko a kira ni. Na same ta da takardu biyu a kan tebur, ta jera su gefe da gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yi shekaru tana wannan aiki, kuma waɗannan takardu biyu ba na mutum ɗaya ba ne. Ta ce ba ta kira ni don ta kama mai laifi ba, so take ta san tun yaushe maganin ya daina yi masa aiki, domin a kan wannan za ta zaɓi abin da za ta ba shi yanzu. Faransancin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Sai kawai na naɗe hannun rigata na nuna mata gurbin allura.

Ta kalli hannun, ta kalle ni. Ta tambayi dalili, na gaya mata, wai muna tsoron kada jininsa ya ƙare. Ta jawo aljihun tebur ta fito da irin kwalaben, ta jera su a gabana. Ta ce duka-duka abin da suke ɗiba bai cika ƙaramin kofin shayinmu ba, kuma jiki kan mayar da shi cikin 'yan kwanaki. Ta ce da na tambaye ta, da ta nuna mini tun ranar farko. Sannan ta gaya mini sauran. Tarin da ke ƙirjinsa irin mai taurin kan nan ne da ba ya jin maganin farko. Da kakinsa aka kawo, da tuni an ga ƙwayar ba ta mutu ba, an canja masa wani, kuma wancan maganin yana nan, ba nemansa za a je yi ba. Tsallaken kwanakin da nake shanye masa ƙwayoyi kuwa, ƙara wa cutar wayo ya yi.

Ta ce, "Wata uku ina zaune ina yi wa mai lafiya magani, marar lafiyar yana gabana yana ƙarewa."

Ta ƙara da cewa dole ta cire duk abin da aka rubuta a kan lambarsa daga cikin binciken. Da ba a gano ba, da an haɗa sakamakona da na sauran, a ce ga shaida haɗin maganin yana aiki, a je a auna wa wasu bayin Allah da ban taɓa gani ba magani da jinin ƙaton da ba abin da ke damunsa. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Mu a tunaninmu takarda muke cika wa masu son takarda.

An canja masa magani a ranar. Sun yi iya yinsu, wannan zan shaida ko a gaban wa. Amma ƙirjin ya riga ya cinye, jikin kuma ba shi da sauran abin da zai yi faɗa da shi. Ya yi kusan mako uku a kwance. Kullum da rana nakan je in zauna nesa kaɗan da takunkumina. Wata rana na daure na ce ya yafe mini. Ya ɗaga hannu da ƙyar kamar mai korar ƙuda.

Ya ce, "Ba ka da laihi, Yaya. Ni ma na ji daɗi da ba a huda ni ba." Ya huta, sannan ya ce, "Inna dai kada ta ji sunan ciwon nan."

Inna ita ce mahaifiyarsa, ƙanwar tawa uwar. Na yi masa alkawari. Bayan kwana biyu, da azahar, ya cika.

A zaman makoki Kawu ne a tsakiyar tabarma, ya sha rawani, yana karɓar gaisuwa. Ba ya iya faɗin sunan ciwon a bainar jama'a, amma wannan bai hana shi bayani ba, don Kawu bai taɓa rasa bayani ba. Ya ce wa mutane asibiti ne suka tsotse yaron. Majalisa ta gyaɗa kai, wani ya ce shi ma ya taɓa jin irin haka, wani ya ce ai shi ya sa ko ciwon kai yake ba ya zuwa. Da jama'a suka ragu ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce in duba in gani, wata uku muna tsare masa jini yana tafiya da ƙafarsa, suna samun hannunsa bai yi wata ɗaya ba. Ya faɗi haka yana kallona, yana jiran in gyaɗa kai kamar kullum.

Na ce, "Kawu, mu muka kashe shi. Ni da kai."

Bai girgiza ba. Ya ce in yi istigfari, rai a hannun Allah yake, kwana ne ya ƙare. Ya ce dama ya lura lekkol ta lalata ni. Na san rai a hannun Allah yake, ban taɓa musun wannan ba. Abin da ya ba ni takaici shi ne mutumin da ya yi wata uku yana yi wa likita wayo bai tuna da ƙaddara ba sai da aka zo maganar laifinsa. Ban ƙara wata biyu a shagon ba na tattara nawa na bar masa.

Kawu ya haɗa kayan mamacin ya aika gida, 'yan riguna da bargo da wayarsa. Ashe ya cusa takardar sakamako ta ƙarshe a ciki, ta ukun nan mai kyau, tare da saƙon cewa yaro ya riga ya warke sarai, ga shaidar likita, ajali ne kawai ya riske shi. Ban san da wannan ba sai da na je Damagaram gaisuwa. Bayan mun yi kuka mun share hawaye, Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a naɗe cikin leda, ledar kuma cikin ɗankwali. Ta warware a hankali ta miƙo mini, ta ce tunda ni na yi karatun Nasara, in karanta mata abin da likita ya rubuta a kan ɗanta.

Na karɓa. Ga lambar nan a sama, babu suna. Na tsallake layin da ke ɗauke da sunan ciwon, na karanta mata sauran: ƙirji babu cuta, jini lafiya lau, magani ya karɓi jiki. Kowace kalma gaskiya ce, kuma ba ko ɗaya da ta shafi ɗanta. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce ko ba komai ya tafi da lafiyarsa, bai wahala ba. Ta sa mini albarka saboda yadda Kawu ya ce na tsaya a kansa. Har yau tana raye, kuma duk zuwan da zan yi sai ta fito da ledar nan ta ce in sake karanta mata.

Abin da wannan ya koya mini ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Tausayi in ba sani a cikinsa yana kisa, kuma yana yi ne mutum na jin kansa mai alheri. Furfura shekaru take nunawa, ba ta nuna mutum ya san abin da ke cikin kwalbar likita. Kawu har gobe yana can yana yanke hukunci a tabarmarsa, kuma ban fi jin haushinsa ba a kan kaina, domin shi bai sani ba, ni kuwa na sani na yi shiru don kada a ce na yi wa babba musu. Tun daga lokacin, in aka kawo shawarar da ta shafi ran mutum na ga ba daidai ba ce, ko wa ya kawo ta sai na buɗe baki, in kuma ban gane ba sai na tambayi mai sani ko da za a yi mini dariya. A dangi yanzu marar kunya ake ce mini, na kuma karɓi sunan. Ya fi mini sauƙi da in sake zama gaban wata uwa ina karanta mata lafiyata da sunan ta ɗanta.